Akwatin da Aka Sauko da Shi Daga Tankin Ruwa a Sharaɗa

Ɗan gwangwan ɗin da ya kawo akwatin bai yarda ya shigo da shi cikin shago ba. A bakin kwata ya dire shi, ya ja da baya, ya ce, "Baba, don Allah duba mini wannan abin kafin in fasa, kada in je in ɗora guduma a kan ajalina."

Ba wanda ya yi masa dariya. Tun ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 da bama-bamai suka tashi a Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, duk Bakanon da ya ga akwatin ƙarfe da wayoyi sun leƙo ta gefe sai gabansa ya faɗi. Wannan kuwa daga wata masana'anta ya fito a Sharaɗa, wadda ta shekara da shekaru a rufe, aka sayar wa 'yan gwangwan ƙarafunanta. Da suka hau yanka hasumiyar tankin ruwa, sai suka tarar da shi ɗaure da noti a ƙarƙashin tankin, can ƙololuwa, da eriya biyu a jikin wani bututu, ɗaya doguwa ɗaya gajera.

Ni gyaran tsohuwar rediyon mahaifina ya kai ni shagon. Mai shagon dattijo ne da ya yi aikin waya tun zamanin P&T, ya shiga NITEL da aka kafa ta a 1985, ya yi ritaya ya koma gyara. Ya sa tabarau, ya kwance notin murfin a hankali. Ƙurar hunturun shekaru ta zubo, da gidan zanzaro guda biyu. A ciki akwai rediyo biyu irin na ɗaurawa a mota, da allunan lantarki uku da aka haɗa da hannu, da wata takarda da aka manna a bayan murfin. Babu makirufo, babu lasifika, kuma an cire maɓallin juya tasha na rediyon da ke sama, an bar ramin a buɗe.

"Bam dai babu," in ji Baba. "Amma ka gaya mini, ɗan nan, wace irin rediyo ce ba baki ba kunne, an kuma ɗaure ta inda ba mai zama sai shirwa?"

Takardar ta fi komai ɗaure kai. Layi tamanin ne na lambobi masu gida uku-uku, da baƙin biro. A gefensu akwai alamar wani rubutu da jan biro wanda zafi ya cinye. Na bi lambobin da yatsa, na ga babu 8 ko 9 a cikinsu ko sau ɗaya: daga 117 sai a tsallaka 120. Ɗan gwangwan ya ce ai wannan rubutun 'yan leƙen asiri ne. Ni kuma na ce ko dai wani mai gadi ne yake lissafin cacarsa ta ful. Baba bai tanka mana ba, ya biya yaron kuɗin ƙarfensa a kan sikeli, ya ce in dawo gobe.

Zaton farko da na zo da shi washegari shi ne rediyon kamfani ce. Kafin GSM ta iso a Agustan 2001, layukan tarho masu aiki a Najeriya duka ba su wuce dubu 400 da wani abu ba, kuma mai layin ma yakan wuni yana juya lamba ba ta shiga. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba na Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun dogara ne da oba-oba tsakanin ƙofa da sito da motoci, da kuma babbar rediyon gajeren zango don magana da Legas. Me zai hana wannan ya zama ragowar wancan zamani?

Baba ya goge fuskar rediyon sama da tsumma, suna ya fito: Icom IC-240. Ya ce wannan ba kayan kamfani ba ce. Ta masu rediyon sha'awa ce, waɗanda ake kira ham, mutanen da ke karɓar lasisi su yi hira da junansu ta iska, ba don kasuwanci ba. Tana aiki a zangon da suke kira mita biyu, wanda a Afirka da Turai yake daga megahaz 144 zuwa 146. A Amurka nasu ya kai 148, kuma 'yar'uwar wannan rediyon da aka sayar can sunanta IC-22S. Duka biyun a rabin ƙarshe na shekarun 1970 suka fito. Kamfani, in ji shi, kaya yake saya a rufe daga dila, ba ya zama da ƙarfen dalma yana haɗa allo da hannu.

Rediyon ƙasa ta fi tsufa, irin ta motocin haya da 'yan sanda, an kankare sunanta. Baba ya zaro wani ɗan ƙarfe daga cikinta mai kamar ƙwayar alewa, ya miƙo mini. Kiristal ne, an buga 12.0417 a jikinsa. Na ce to ga shi nan, megahaz 12, gajeren zango ke nan, da Legas ake magana. Ya girgiza kai. Ya nuna mini matakai huɗu a jere bayan gurbin kiristal ɗin, kowanne da naɗin wayarsa, kowane naɗi ya fi wanda ke biye da shi girma. Na farko yana ninka zangon sau uku, na biyu sau uku, na uku sau biyu, na huɗu sau biyu. Uku sau uku tara, sau huɗu talatin da shida. Na buga a waya: 12.0417 sau 36 ya ba da 433.5. Wannan yana cikin wani zangon 'yan ham ɗin, na megahaz 430 zuwa 440. Gajeruwar eriyar tata ce ke nan, doguwar kuma ta IC-240.

Sai muka bi wayoyin da ke tsakaninsu. Abin da rediyon ƙasa ta ji, ana zuba shi a bakin ta sama. Abin da ta sama ta ji, ana mayar da shi ga ta ƙasa. Shi ya sa babu makirufo babu lasifika: kowace ita ce bakin 'yar'uwarta kuma kunnenta. Mai maganar yana ƙasa, wataƙila a falonsa ko cikin motarsa, da ƙaramar rediyo mai zangon 433.5.

Na ce to rifita ce, irin wadda ake ɗorawa a tudu ta riƙa maimaita maganar oba-oba. Baba ya ce na kusa, amma da saura. Rifita zangonta a ƙulle yake, tana ji a nan tana maimaitawa a can, a mita biyu tazarar kilohaz 600 ce tsakani, kuma haka za ta zauna har ta mutu. Ba a cire mata maɓalli a zuro wayoyi ta ramin. Wayoyin nan kuwa guda takwas ne, launi daban-daban, sun fito daga cikin IC-240 sun shiga allo na biyu.

Kafin mu bi su sai allo na farko ya tsayar da mu. Ayisi ne, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, guda bakwai a jere iri ɗaya, kowanne da ƙafa takwas, kowanne da ɗan sukurun saiti a gefensa, an rubuta 567 a bayansu. Aikin wannan ayisin guda ɗaya ne: a saita shi a kan wani sauti, in ya ji shi ya ɗaga hannu, in bai ji ba ya yi shiru. To me ya sa bakwai? Baba ya ce in fito da wayata in duba maɓallan kira. Layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, jeri uku daga hagu zuwa dama. Huɗu da uku bakwai. Kowane layi da sautinsa, 697 da 770 da 852 da 941, kowane jeri da nasa, 1209 da 1336 da 1477. In ka danna 5, sautin 770 da na 1336 ne ke fita tare. Wannan tsarin kamfanin Bell na Amurka ya fito wa jama'a da shi a Nuwamban 1963, da sunan Touch-Tone, kuma shi ne ƙarar da kake ji har yau in injin banki ya ce danna ɗaya don Hausa. Allon nan kunne ne mai sauraron maɓalli.

A bayan ayisin akwai wasu lambobi huɗu ƙanana, 8134. Baba ya ce masu ƙera su haka suke buga ranar haihuwa: shekarar 1981, mako na 34. Mafi ƙuruciya a akwatin duka na farkon 1982 ne. A lokacin tarhon da ke ofisoshin Kano na juyawa da yatsa ne, sai ga wani a Sharaɗa yana aika umarni da sautin maɓalli zuwa saman tanki.

Umarnin me? Nan ne Baba ya ajiye sukundireba ya gyara zama, domin a nan gizo ke saƙa.

Ya ce kafin irin wannan rediyon, kowace tasha da kiristal ɗinta, biyu ma, ɗaya na magana ɗaya na ji. Kana son tasha shida, sai ka yi odar kiristal goma sha biyu a yanka maka, ka jira makonni. In abokinka ya koma zangon da ba ka da kiristal ɗinsa, shi ke nan kun rabu. IC-240 da 'yar'uwarta sun zo da wata dabara: ba a yanka wa kowace tasha dutse, ƙirga ta ake yi. Ya ba ni misali da awo a Dawanau. A ce mai awo yana zuba tiya a buhu, duk tiya arba'in sai ya yi kira. Maigidansa yana gefe yana tafi a kan ƙa'ida, ba sauri ba jinkiri. In kiran ya zo bayan tafin, a ce wa mai awo ƙara hannu. In ya riga tafin, a ce sassauta. Ba da jimawa ba hannunsa zai daidaita a kan tiya arba'in tsakanin tafi da tafi. In aka ce masa yanzu sai hamsin zai yi kira, dole hannunsa ya ƙara sauri, alhali tafin bai canza ba. Tafin shi ne kiristal guda mai bugun ƙa'ida, hannun mai awo shi ne zangon da rediyo ke fitarwa, lambar da aka ce a yi kira a kanta ita ce tasha. In tafin dubu 25 ne a daƙiƙa, ƙirga 5,820 zai ba ka megahaz 145.5. Injiniyoyin Icom sun rage nauyin ƙirgar, suna ɗebe wani kaso tsayayye tukuna, har abin da ya saura ya zama ƙaramar lamba da wayoyi takwas za su ɗauka, kowace ko da wuta ko babu. Wani Bafaranshe, Henri de Bellescize, ya bayyana asalin dabarar tun 1932, amma sai da ayisi ya yi arha ta shiga rediyon talaka.

A yadda kamfani ya sayar da ita, mai ita ne zai liƙa dayod-dayod a wani ɗan allo don rubuta lambar kowace tasha, har guda 22, maɓallin gaba kuma ya zaɓi layi. Wanda ya haɗa akwatinmu ya fizge allon dayod ɗin da maɓallin gaba ɗaya, ya kai wayoyin takwas ga allo na biyu, wanda ke riƙe duk lambar da aka danno daga ƙasa. Tunda tasha ta zama lamba, ita kuwa lamba ana iya aiko ta daga nesa, ba sai an hau tsani ba.

"Rimot bes ke nan," in ji Baba. "Tashar nesa. Rediyonka tana sama, linzaminta yana hannunka."

Asalin abin daga Kudancin Kalifoniya yake, kuma tsaunuka ne suka haife shi. Zangon mita biyu kusan sai inda ido zai kai yake zuwa. Lissafin da masu aikin ke yi shi ne a nemo tushen tsayin eriya a mita, a ninka da huɗu da ɗigo ɗaya, a sami nisan kilomita. Mutum a tsaye da oba-oba, kilomita biyar. Dutsen Wilson da ke kallon Los Angeles tsayinsa mita 1,740 ne, wato sama da kilomita 170 ta ɓangaren teku da kwari. Tun tsakiyar shekarun 1950 wani ɗan ham mai suna Art Gentry ya kafa rifita mai lambar kira K6MYK a yankin, tana cikin na farko-farko da suka daɗe suna aiki. Daga baya hukumar sadarwar Amurka ta matse faɗin tashoshin motocin haya da na 'yan sanda, tsofaffin rediyon Motorola da General Electric suka zama kayan gwanjo, 'yan ham suka kwashe su a arha suka hau duwatsu da su a shekarun 1960.

Wasunsu ba rifitar kowa da kowa suke so ba. Ƙungiya ce ta mutum goma ko ashirin, su ɗora rediyo a tsauni, su riƙa shigarta ta wata ƙofar baya a zangon 440, domin dokar ƙasarsu a lokacin ta ce irin wannan linzami sai a sama da megahaz 220. Da farko da farantin tarho mai juyawa suke ba da umarni, wani makunni mai taka-taka da aka ciro daga tsohon ofishin waya yana ƙirga bugun, ya zaɓi kiristal ɗaya cikin huɗu ko shida. In ana son sabuwar tasha, sai wani ya tuƙa mota awa biyu ya hau dutse da kiristal a aljihu. A farkon shekarun 1970 wani ƙaramin kamfani, GLB, a yankin Buffalo ta jihar New York, ya fara sayar da akwatin ƙirgar zango da ake jona wa tsohuwar rediyo a madadin kiristal. Sai IC-22S ta zo, mai arha, lambarta kuma a fili take a kan wayoyi, mujallun 'yan ham irin su 73 da QST suka yi ta kawo hanyoyin yi mata kwaskwarima. A 1980 Icom ta fitar da IC-2AT ta hannu mai ƙafafun lamba uku da ake murzawa da babban yatsa, ita ma aka gano cire ƙafafun a sa wayoyi. Da kamfanin ACC na Kalifoniya ya fito da na'urar RC-850 a farkon shekarun 1980, mai ƙwaƙwalwar kwamfuta da muryar da ke karanta maka zangon da ka hau, zamanin haɗa komai da hannu ya fara wucewa. Akwatinmu na gab da wannan gaɓar ne, ayisi bakwai da dalma da haƙuri.

Kano ba ta da dutsen Wilson. Irin su Dala da Goron Dutse ne suka ɗaga kai a filin, kuma ba kowa zai je ya kafa ƙarfe a kansu ba. Amma injiniyan masana'anta yana da abin da ya fi masa sauƙi: hasumiyar tanki, da wutar janareto dare da rana, da mai gadi a ƙofa. Hasumiya mai tsayin mita talatin na ba da kilomita 22 da ɗoriya. Daga Sharaɗa wannan ya shafe Chalawa da Panshekara a kudu, ya tsallake birni ya rufe Bompai. A sanyin asubar hunturu kuma, in iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi, zangon yakan lanƙwasa ya zarce iyakarsa nesa ba kusa ba, a nan ne ikon sauya tasha daga gado yake da daɗi.

Saura zargin ɗan gwangwan. Allo na uku ne ya wanke mai akwatin. A gefe ɗaya akwai ayisi 555, agogon da ke kashe magana in ta wuce minti uku, don kada maɓalli ya maƙale akwati ya wuni yana ihu. A ɗaya gefen dayod ne jere kamar shukar gero, wani gurbi da su wani babu. Baba ya bi su da bakin sukundireba yana karantawa da baki: ɗigo biyar, sai ja ɗaya da ɗigo ɗaya. A harshen Morse wannan 5N ne, harafin da duniya ta ware wa Najeriya bayan samun 'yanci a 1960, a madadin ZD2 na zamanin Turawa. Na Nijar 5U ne. Akwatin da kansa yake shelanta lambar lasisin mai shi lokaci-lokaci. Ɗan leƙen asiri ba ya sa wa kayansa ƙararrawa mai faɗin sunansa. Sauran haruffan mun karanta su, amma lambar kira sunan mutum ce, ba ta shiga mujalla.

Takardar ce ta rage, kuma sai da aka kunna akwatin ta yi magana. Baba ya canza kafasito huɗu da suka kumbura, ya ɗaura jakar wuta a madadin eriya don kada komai ya fita iska ba lasisi, ya jona batirin mota. Muka kara wayata a allo na farko. Uku daga cikin ayisin bakwai sun kauce daga sautinsu, ya murza sukurunsu har suka dawo. Na danna tauraro, rile ya yi ƙas, fitilar IC-240 ta kama. Na danna 8, ba abin da ya motsa. Na danna 9, haka. Na danna 7, mitar Baba ta nuna wuta a wayoyi uku.

Ya yi dariya har tabaransa ya zamo. Wayoyi uku, kowace ko da wuta ko babu, yanayi takwas kawai suke iya ɗauka, daga 0 zuwa 7. Mai akwatin ya raba wayoyinsa takwas kashi uku: biyu, uku, uku. Danni uku sun cika lambar, kuma 8 da 9 ba su da gurbi. Ya tsallake wahalar haɗa allon da zai juya lissafin goma-goma zuwa na inji, ya ɗora wahalar a kan takarda. Layi tamanin kuwa, raba megahaz biyu na zangon da kilohaz 25 ka gani. Jan rubutun da ya goge zangon kowane layi ne, kuma tabbas akwai kwafin takardar a aljihun mai ita.

Na danna lambar layin farko, na'urar auna zango ta tsaya a gindin 144. Na danna ta ƙasanta, ta matsa da kilohaz 25. Muka bi layi goma sha biyu a jere, ba wanda ya saɓa. Na danna alamar tsani, rile ya sake, fitila ta mutu.

Ɗan gwangwan ya dawo bayan kwana biyu, da ya ji labari ya ce a ƙara masa wani abu tunda kayan na aiki. Baba ya ƙara masa. Akwatin yana kan kanta ta sama a shagon, an mayar da murfinsa da takardarsa, kuma Baba ya sake cike jan layin da hannunsa.